Ko ana iya gane dokin da zai ci Grand National? Amsa ga ƙanena mai dubu ashirin

Wani ƙanena ne ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice: "Yaya barka da warhaka. Na ga a manhajar bet akwai tseren dawakai na Ingila wai shi Grand National, od ɗinsa manya ne sosai, har da 50 har da 100. Akwai wani da yace in tura masa dubu biyar zai bani sunan dokin da zai ci, wai yana da mutum a ciki. Ni kuma ina da dubu ashirin da nake so in juya. Tunda ka zauna can kuma ka san harkar doki, da gaske ana iya ganewa?"

Toh ƙanena, a'a, ba a ganewa. Amma nasan in na tsaya a nan zaka ce yaya ya fara wa'azi, don haka gyara zama in maka dalla-dalla, don ni wannan tseren na san shi, na zauna a Liverpool shekaru ina karatun ƙididdiga kuma filin Aintree da ake yinsa yana nan bakin gari, jirgin ƙasa 'yan mintuna ne ya sauke ka a ƙofarsa. Kuma ka san gidanmu ba a rasa doki a turke ba tun muna yara, shiyasa abin ya ja ni.

Abu na farko, cire sukuwar da ka sani a ranka. Irin wadda ake yi a filin sukuwa na Kano, a saki dawakai su zuba a guje a fili mai laushi, mai ƙafa ya ci, wannan daban. Shi wannan kusan kilomita bakwai ne, zagaye biyu, doki zai tsallake shinge sau 30, minti tara zuwa goma yana gudu da mutum a bayansa. Shingayen guda 16 ne a filin, ana tsallake 14 sau biyu. Asalin irin wannan tseren ma daga ƙasar Ayalan (Ireland) ya fito, a 1752 wasu mutum biyu suka yi fare a yankin Cork, daga cocin garin Buttevant zuwa inda suke hango hasumiyar cocin Doneraile, a miƙe ta cikin gonaki, duk abinda ya tare ka ko shinge ko rafi ka tsallake. Kaga tun ranar haihuwarsa da caca aka yanke masa cibiya. Kuma abin dariya, dokin da ya ci Grand National na 1839, wanda ake lissafawa a matsayin na farko, sunansa Lottery.

Na taɓa zuwa da sassafe ranar tseren na zaga filin da ƙafa, lokacin ana barin 'yan kallo su zaga kafin a fara. Wallahi a talabijin shingayen nan ƙarya suke maka. Akwai wanda ake kira The Chair, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya da rabi, kuma kafin ka iso shi akwai rami mai faɗin kusan mita biyu, wato doki zai tashi tun daga bakin ramin ne ya haye duka biyun a tsalle ɗaya. Na tsaya a gabansa, da kyar nake leƙa bayansa. An lulluɓe shi da ɗanyen rassan wata bishiya mai ƙamshi kamar turare, dawakai na wucewa zaka ga rassan sun tarwatse ko'ina. Sai Becher's Brook, na 6 kuma na 22, shi makircinsa a bayansa yake, inda doki zai dira ya fi inda ya tashi zurfi, doki bai san da haka ba sai yana sama, in ya dira da ka sai mahayi ya wuce ta saman kunnuwansa. An sha gyara shi ana rage zurfin amma har yanzu mahaya na shakkarsa. Sai Canal Turn, kana dira zaka karya linzami hagu gaba ɗaya, kowa na son cikin kwanar, nan ake cunkushewa.

Yanzu ga abinda mai sayar maka da suna ba zai faɗa maka ba. Shi tseren nan da gangan aka gina shi don kar a gane mai ci. Akwai jami'i guda wanda aikinsa kenan, ya duba tarihin kowane doki ya ɗora masa nauyi daidai ƙarfinsa. Gwanin cikinsu zai ɗauki kusan kilo 75, mahayi da sirdi da dalmar da ake cusawa a aljihun shimfiɗar sirdi, na ƙasa kuma wajen kilo 64. Burin mutumin nan shine a ce duk su iso layi kai ɗaya. A watan Fabrairu ake fitar da nauyin. Ka ɗauka kaman a ce za a yi tsere a unguwarku sai a ce wanda ya fi kowa gudu shi zai goya jarka. Kilo goma ba komai bane a mita ɗari biyar, amma a kilomita ta bakwai ji yake kamar buhun gero. A 1973 wani doki Crisp, daga Ostireliya aka kawo shi, ya ɗauki kilo 76 ya yi wa kowa fintinkau tun zagayen farko, ya tsallake shingen ƙarshe da rata mai yawa, sai ga shi daga nan zuwa layi akwai kusan mita 450, ƙafafunsa suka mutu yana tangaɗi kaman mai maye, Red Rum da ke ɗauke da kusan kilo goma ƙasa da nasa ya kamo shi a taku na ƙarshe. Crisp ne ya fi kowa a ranar, amma wanda ya zuba a kansa ya tafi gida hannu rabbana. Shi Red Rum ɗin daga baya ya nuna ba banza bane, ya sake ci a 1974 da 1977, a bakin layin gamawa ma aka binne shi.

To bayan nauyi sai turmutsutsu. A da dawakai 40 ake saki, daga 2024 aka rage zuwa 34 saboda yawan faɗuwa da mutuwar dawakai da surutun masu kare haƙƙin dabbobi. Ko 34 ɗin ma ka yi tunani, duk su nufo shinge ɗaya a guje. Dokinka ba sai ya yi laifi ba, na gabansa ya faɗi ya yi tuntuɓe da shi shikenan. Mafi sharri kuma dokin da ya kayar da mahayinsa, don ba tsayawa yake ba, binsu yake ba mai riƙe da linzami, yaga dama ya yanke gaban kowa. Labarin 1967 kenan. Wani doki Popham Down da ya yar da mahayinsa tun shingen farko yana gaba-gaba, da aka zo shinge na 23, wanda yana cikin mafi ƙanƙanta a filin ma, sai kawai ya gitta a gabansa, dawakai suka afka wa juna, wasu suka tirje, wasu suka zubar da mahaya, wasu suka juya baya. Foinavon da yake can baya saboda rashin gudu, shi ya samu lokacin da mahayinsa John Buckingham ya lallaɓa ta gefe ya tsallake, ya tafi abinsa. Od ɗinsa 100 ne, wato duk naira ɗaya da aka zuba a kansa ta jawo ɗari. Mai dokin ma bai je filin ba ranar don bai sa rai ba. Yau sunan Foinavon aka sa wa shingen. Ka gaya min wane "mutum a ciki" ne zai san wannan tun ana jibi?

Kar kace tsohon labari ne. A 2001 ruwa ya jiƙa filin ya zama taɓo, wani dokin da ba mahayi ya sake haɗa irin wannan a Canal Turn, cikin 40 huɗu suka gama, biyu daga cikin huɗun ma sai da mahayansu suka faɗi suka sake hawa. A 1928 an saki 42, biyu suka kai. A 1956 Devon Loch, dokin mahaifiyar Sarauniya Elizabeth, ya gama duk tsallensa yana gaba, saura 'yan taku ya taɓa layi, ba shinge ba komai, sai kawai ya baje da cikinsa a ƙasa, har yau ana gardamar dalili. Na kusa-kusa kuma, Corach Rambler ya ci a 2023, da aka dawo 2024 yana cikin waɗanda aka fi zuba wa kuɗi, a shingen farko ya yar da mahayinsa. Daƙiƙa nawa kenan da farawa? Wasu ko zama basu gama yi ba.

Bari mu zo kan od ɗin da ya ɗauke maka ido, nan ne fannina. In ka ga 10/1 a rubutun Turawan Ingila, a manhajarka zai fito 11.00, ma'ana ka sa dubu ɗaya, in ya ci a baka dubu goma da dubunka. A lissafi kamfanin yana cewa sau ɗaya cikin goma sha ɗaya dokin zai ci, wajen kashi 9 cikin ɗari. 50/1 kuma kashi 2 ne, 100/1 kashi 1. Yanzu ɗauki biro ka mayar da od ɗin kowane doki zuwa kaso haka, ka tara su duka. Da gaskiya ake yi 100 cif ya kamata ya baka, tunda dole ɗaya ne zai ci. Amma ba zaka taɓa samun 100 ba. A wasan ƙwallo zaka samu ɗari da 'yan kai, a Grand National kuwa an sha ganin ya kai 150 har ya wuce. Ma'anarsa, in ka bi duk dawakan ka zuba wa kowanne yadda duk wanda ya ci za a baka dubu ɗari, sai ka kashe dubu ɗari da hamsin. Ka "ci" fa kenan, amma kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka ya tafi. Wannan rarar ita ce la'adar kamfani, tun kafin a ɗaura wa doki sirdi sun cire ta. Kuma sun fi ƙara ta a wannan ranar saboda sun san ranar 'yan sau-ɗaya-a-shekara ce, tsofaffi da ma'aikatan ofis da basu san komai kan doki ba. Da idona na ga wata tsohuwa a layi tana zaɓen doki saboda rigar mahayinsa kalar labulen ɗakinta ce. Kuma maganar Allah, ita da mai nazarin sati biyu bambancinsu ba shi da yawa.

Su manyan od ɗin nan su ne ma aka fi cuta a ciki. Dokin da aka rubuta wa 100, sau tari hakikanin damarsa ta fi kusa da ɗaya cikin ɗari biyu ko uku, amma ba za su rubuta haka ba tunda a 100 ɗin ma mutane na rububi. Tun 1839 zuwa yau dawakai biyar ne kacal suka ci a 100/1: Tipperary Tim a 1928, Gregalach a 1929, Caughoo a 1947, Foinavon ɗin nan, sai Mon Mome a 2009. Biyar, cikin shekara sama da 180, alhali kusan duk shekara akwai da yawa masu wannan farashin a cikin jerin.

Akwai wasu tarkuna biyu da zaka gani a manhajar. Ɗaya shine wanda ake raba kuɗinka biyu, rabi kan doki ya ci, rabi kan ya shigo cikin huɗun farko, wasu kamfanoni su ce biyar ko shida. Misali dubu ɗaya nan dubu ɗaya can a doki mai 20/1, ya zo na uku, rabin farko ya tafi, rabi na biyu a biya ka kwatan od ɗin wato 5/1, ka karɓi dubu shida. Yana da daɗin ji, amma kuɗin da ka fitar ninki biyu ne, kuma in sun ƙara yawan gurbi sai su rage kason zuwa ɗaya bisa biyar, ba kyauta suke ba. Na biyun shine zubawa tun da wuri, wata ɗaya ko biyu kafin ranar, od ɗin ya fi tsoka. Sharaɗinsa a al'ada shine in dokin bai fito ba kuɗinka ya tafi. Kuma dawakan da ake yi wa rajista sun ninka waɗanda za su samu gurbi, wani ya ji ciwo a kilisa, wani mai shi ya ga ƙasa ta yi tauri ya fasa. Wani abokin zamana ɗan Pakistan haka ya yi, ya riƙe tikitinsa sati shida yana lallaɓa shi a walat, ana saura kwana biyu aka cire dokin.

Zaka ce to masana fa, ba abinda suke dubawa? Suna dubawa mana. Ana duba ko doki ya taɓa cin tsere mai nisan kilomita biyar ko fiye, don wanda bai da numfashi ko ya iya tsalle a zagaye na biyu zai zube. Ana duba sau nawa ya faɗi a baya. Ana duba ƙasa, wani dokin taɓo yake so wani busasshiya, kuma ruwan Liverpool baya shawara da kowa. Ana duba shekaru da nauyi da wanda ke horar da shi, 'yan shekarun nan 'yan Ayalan ne ke ta kwashewa, a 2025 ma dawakan wani mai horarwa ɗan can, Willie Mullins, ne suka zo na ɗaya da na biyu da na uku. Duk wannan zai iya rage maka 34 su koma goma sha biyu. Daga nan fa ilimi ya ƙare. Kuma duk abinda ka duba kamfanin ya riga ka dubawa da ma'aikata da kwamfutoci, yana cikin farashin tuntuni. Ka'idojin ma karyewa suke. Shekara da shekaru ana cewa ɗan shekara bakwai baya ci, rabon da a gani tun 1940, sai ga Noble Yeats a 2022, shekararsa bakwai, 50/1, ya cinye. A 2025 ɗin ma cikin dawakan Mullins ba wanda aka fi yayi ne ya ci ba, Nick Rockett ne a 33/1. Mutumin da dawakan ke kwana a bargarsa ma bai da tabbas wanne ne a ciki, balle wani mai lambar waya a Sabon Gari.

Shi mai dubu biyar ɗin nan bari in gaya maka sana'arsa. Zai samu mutum talatin ko sittin irinka, ya ba kowane rukuni doki daban cikin waɗanda ake yayi. Dole wani rukunin ya dace. Su zai ɗauki hoton tikitinsu ya baza, ku sauran ya ce muku an samu matsala daga ciki ku ƙaro a rama a na gaba, ko ya toshe lambarku. Wanda ya san dokin da zai ci a 50/1 me zai yi da dubu biyar ɗinka, ai gonar gado zai sayar ya zuba yayi shiru.

In kuma a manhajar ka ci karo da wani tseren mai suna Velká pardubická, wannan na ƙasar Cek ne, a garin Pardubice, ranar Lahadi ta biyu a Oktoba, tun 1874 ake yinsa. Shi ne ma ainihin na ratsa daji, mita 6,900, shinge 31, wani wurin ciyawa wani wurin gonar da aka yi wa huɗa, ga rafi ga tudu. Akwai shingen Taxis mai ƙaton rami a bayansa da ba a yarda doki ya gwada shi ba sai ranar tseren, ya kashe dawakai da dama. Can har ɓatan hanya ake yi, don filin kaman saƙar gizo yake. A 2008 Amant Gris ya riga kowa isowa aka soke shi saboda ya kauce hanya aka ba Sixteen. A 2015 Nikas ya ci, daga baya gwaji ya nuna haramtaccen sinadari a jikinsa aka ƙwace aka ba Ribelino, su kuwa kamfanonin caca a ka'idarsu sakamakon ranar suke biya, abinda ya biyo baya ba ruwansu. A 1909 ko doki ɗaya bai gama ba. Wanda na sani ya ci moriyar wannan tseren shine irin su Josef Váňa da ya ci sau takwas a kan sirdi, na ƙarshe a 2011 yana da shekara 58, bayan ya karya kusan duk ƙashin da ke jikinsa. Shi kam guminsa ya ci.

Af, kar ka haɗa waɗannan da dawakan kwamfuta da ke gudu duk bayan minti uku a allon shagunan bet. Waɗancan ba doki ba mahayi, na'ura ce ke jefa lamba, hoton kawai ake nuna maka.

Sai maganar da nasan ka sani amma ka yi kaman ka manta. Ni ba malami bane, amma aya ta 90 da 91 a Suratul Ma'ida ba ta buƙatar dogon tafsiri, an jera caca tare da giya. Wasu na fakewa da cewa ai Musulunci ya yarda da tseren doki. Eh ya yarda, an yi tseren dawakai a Madina zamanin Annabi (SAW), kuma akwai hadisin da ya halatta sanya lada a tseren raƙumi da doki da harbin kibiya. Amma wannan kyauta ce ga wanda ya yi tseren, kaman yadda sarki ko gwamna zai sa mota ko babur a gasar sukuwa. Ɗan kallo ya zauna a gefe ya sa kuɗi wani ya sa, wanda ya dace ya kwashe na saura, wannan sunansa caca ko da dokin waye. Ka tambayi malamin unguwarku ka ji ko zai ce maka wani abu daban.

Dubu ashirin ɗinka kuwa, tunda juyawa kace kana so, ka kira ni mu yi magana, ko cajin waya ne ko turare ai an fara da ƙasa da haka. Tseren kuma ka kalla, yana da daɗin kallo wallahi, ni har yau bana bari ya wuce ni. Ranar Asabar ake yi a watan Afrilu, yanzu ƙarfe huɗu na yamma agogonsu, wanda a lokacin daidai yake da namu, kana idar da la'asar kenan. Ka yi abu ɗaya, da safe ka zauna ka yi duk nazarin da zaka yi, ka rubuta sunan doki uku a takarda ka ba Umma ta ajiye, kar ka sa ko sisi. Kafin nan ka nemi bidiyon 1967 a YouTube ka kai shi daidai shinge na 23, sai ka turo min saƙo.